Wanda Ya Amsa Ba Shi Na Kira Ba

Ni mutum ne da ko gadar Binuwai na ƙetare sai in ji kamar na yi hijira. Duk unguwarmu ta Hausare an san ni da wannan. Teburin shayina yana bakin masallacin unguwa, gidana yana bayansa, kakana da fatauci ya kawo shi daga Kano yana kwance a maƙabartar Garwa. To, me zan je nema a duniya? Amma shekarar da uwar 'ya'yana ta yi doguwar jinya, tebur ya koma katako da kofuna kawai. A daidai lokacin ne Hamadu, ɗan gwaggona, ya dawo daga shantiye, wato wurin haƙar zinariya, na ƙasar Santarafirik da agogo mai ƙyalli, ya ce can masu haƙa sun fi ƙaunar shayi da iyayensu, kuma babu mai dafa na kirki.

Ba zan ba ku labarin fitata daga gida ba, don babu komai a ciki sai majina.

A Ngong na fara cewa a sauke ni. Mota ta tsaya shan mai, na ga wata tana shirin komawa Garwa, na ɗauki buhuna. Hamadu ya riƙe wuyan rigata ta baya kamar akuya.

"Ina zuwa, maigida?"

"Sake ni, bawan banza. Na manta ban rufe taga ba."

"Tagar gidanku da ko ƙyaure ba ta da shi? Zauna. Jama'a ku gan shi, gemu har ƙirji, yana kukan nono."

Mota ta kwashe da dariya. Haka muke da shi tun muna yawo ba wando. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake bai taɓa yarda ba. Tunda muka taso ban tuna ranar da na yi masa magana mai daɗi ba, shi ma haka. In ka ji ɗayanmu ya yi wa ɗaya ladabi, to wani ya mutu.

Tuboro gari ne na auduga da shanu da manyan motoci. A nan aka yi mini wayo. Wani mai moto, wato babur na haya, fuskarsa kamar ta liman, ya gaishe ni da Fulatanci mai laushi, ya ce kayanmu sun yi wa moto ɗaya yawa, bari ya wuce da buhuna ya jira mu a kasuwar Mbaibum. Har na yi masa godiya. A cikin buhun nan akwai butar shayin mahaifina, ta jan ƙarfe, wadda hannunta ya lanƙwashe daidai yatsuna. Mun wuni a Mbaibum ina leƙen fuskar kowane mai moto. Hamadu bai tsokane ni ba ranar, shi ya sa na san abin ya yi masa zafi shi ma.

Daga nan muka ƙetare iyaka. Hanya ta ƙare, ta koma layin tayar moto cikin ciyawa da ta fi mutum tsayi. Masu bindiga suka tare mu a wurare da ban iya ƙirgawa ba, wasu da kaki, wasu da silifa. Abin da ya fi ci mini rai ba su ba ne, kunnena ne. Ni Allah bai ba ni karatu ba, ya ba ni kunne. A Garwa in mutum ya yi sallama daga bayan katanga sai in faɗa maka unguwarsu da abin da ke damunsa. Can kuwa ana ta magana da yaren Sango, kunnena yana kamawa yana saki, kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Shantiyen ba gari ba ne, ba daji ba ne. Jan laka ne da rumfunan tampol da ramuka, ramuka ko ta ina, kowanne da katakon jan igiya a bakinsa. Wata mata mai sayar da tuwon rogo, Mama Odet, ta gan ni zaune ina kallon murhu babu abin ɗorawa. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta shiga rumfarta ta fito da wata tsohuwar buta da ta yi baƙi ƙirin, ta ajiye a gabana, ta dafa kaina kamar yaro, ta koma. Da butar nan na ci abinci har na bar ƙasar.

A ranar farko Hamadu ya ja ni gefe.

"Ka ji, a nan ba ni da suna. Mazut ake ce mini. Ko a mafarki kada ka kira ni da na gida."

"Mazut? Baƙin man inji? Don baƙinka ko don warinka?"

"Ba wasa nake ba, Sale."

Tsohon da ke kula da igiyar raminsu, wanda kowa ke kira Baba Igiya, shi ya warware mini. Ya ce zinariya tana da masu ita a ƙasa. Ba sa son a ɗiba, amma ba su da iko da mutum sai sun san sunan da aka raɗa masa. Saboda haka duk wanda ya zo sai ya ajiye sunansa a bakin daji ya ɗauki wani. Ya ce in rami ya rufe da mutum, sukan zo su kira shi da sunan yanka, da muryar uwarsa ko ɗan'uwansa, murya mai taushi mai tausayi. Wanda ya amsa ya tafi ke nan. Dokar ita ce, in ka ji haka a ƙasa, ka yi shiru, ka daina ko motsi, har su gaji su wuce.

Na ce, "Baba, ai rai na hannun Allah."

Ya ce, "Na hannunsa ne. Ka taɓa shiga rami?"

Na ce a'a. Ya ce to in dafa shayina. Kafin sati ya zagayo ni ma an raɗa mini nawa, wai Rediyo, don bakina ba ya hutawa.

Abokin aikin Hamadu a rami wani dogon mutum ne siriri da ake kira Ba-Komai, don ita ce amsarsa ga kowace magana. An cuce ka? Ba komai. Ƙafarka na jini? Ba komai. Kullum da safe shi ne farkon zuwa wurina. Ba ya shan sukari. Yakan riƙe kofi da hannu biyu yana kallon wuta. Hausarsa tana da wani nauyi a maƙogwaro irin na mutanen da suka tashi cikin Larabawan Shuwa. Wata rana na ce masa, "Kai dai ɗan garin Kuseri ne, ko ka faɗa ko kar ka faɗa." Ya yi murmushi, ya ce, "Ba komai." Iyakar abin da na sani game da shi ke nan, kuma na fi kowa sani.

Damina ta yi nisa ranar da abin ya faru. An kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Su biyun suka sha shayi suka sauka. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji wani abu ta tafin ƙafata, ba ƙara ba, kamar an ajiye buhun masara a ɗakin maƙwabci. Kofuna suka yi ƙarar haɗuwa. Kafin a fara ihu na riga na san.

Bakin ramin ya haɗe kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Abin da ya rage a waje tiyon iska ne kawai, baƙar roba da ke shiga ƙasa daga injin hura iska. Mutane suka taru da shebur da hannu. Matsalar ita ce ramin ba miƙe yake ba. In an sauka, sai ya yi rassa a ƙasa kamar gidan gara, kuma ba wanda ya san reshen da suke. Aka haƙa nan, aka haƙa can, aka kwana, aka wuni. Ni dai ina ta dafa shayi ina miƙa wa masu haƙa, don in na tsaya zan faɗi.

Washegari da hantsi wata farar mota ta iso daga wani kamfanin haƙa da ke can gaba da kogi. Mama Odet ce ta tura ɗan'uwanta a moto ya roƙo su. Wanda ya fito daga ciki wani gajeren mutum ne mai tabarau, ɗan birnin Bangi, Misye Fidel. Bai ɓata lokaci da gaisuwa ba. Ya buɗe akwati ya fito da wasu turaku na ƙarfe kamar na ɗaure awaki, kowanne da waya a jikinsa, ya bi filin yana kafa su. Wayoyin duk suka taru a wani akwati mai gilashi. Ya sa aka kashe injuna, ya ce kowa ya zauna a ƙasa, ko tari kada a yi. Mutum ɗari da wani abu suka yi tsit cikin laka. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba.

Ya ɗora abin ji a kunnensa. Can sai ya ɗaga yatsa. A gilashin wani zare mai haske ya yi tsalle, ya kwanta, ya sake tsalle. Ana buga dutse a ƙasa.

Da ɗan Faransancin da na tsinta a bakin tebur na gane bayaninsa. Turakun nan kunnuwa ne. Bugu yakan riga isa ga wanda ya fi kusa, da haka na'urar ke lissafa inda mutum yake. Amma bugun ya yi rauni, kuma jefi-jefi ne. Yana so su buga da ƙarfi, su daɗe suna yi. Sai ya ɗauko wata doguwar waya mai ɗan kai kamar ƙwallon goriba, wadda ke kai magana ta kuma ɗauko, ya dinga zura ta cikin tiyon iska a hankali har ta ƙi gaba. Ya tambaya wa ke jin yarensu, wa suka sani. Aka turo ni.

Baba Igiya yana can ɗaya gefen tare da masu haƙa. Misye Fidel ya sa mini abin ji, ya miƙo mini abin magana. Na ji ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, kamar a cikin kaina. Na ji numfashi. Wallahi duk abin da aka faɗa mini ya fita daga kaina. Ban ga Mazut ba, yaron da muka yi wanka tare a Binuwai na gani. Na ce, da wata murya da ban taɓa yi masa ba tunda aka haife mu:

"Hamadu. Hamadu ɗan'uwana. Ni ne. Ka ji ni?"

Ɗigar ruwa. Sannan, can ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mutumin da aka tasa daga barci:

"Na'am."

Ba muryar Hamadu ba ce. Muryar Hamadu ko cikin kasuwar shanu zan tsince ta. Wannan tana da nauyi a maƙogwaro.

Daga nan bugu ya tsaya. Zaren gilashi ya kwanta ya miƙe.

Waɗanda ke kusa sun ji abin da na faɗa. Kafin in cire abin ji labari ya kai wa Baba Igiya. Ya zo yana tafe yana zamewa, laka har gwiwa.

"Me ka kira shi?"

Ya riƙo kafaɗata.

"Rediyo, me ka kira shi? Da wace murya? Kai yanzu in kana cikin duhu, ka ji ɗan'uwanka da ka bari a sama yana kiranka a kunne da taushi, me za ka ce? Ka rufe masa baki da hannunka!"

Na koma na ce Mazut, na ce ni ne Sale, na ce na'ura ce ta Turawa, na rantse da Allah. Shiru. Baba ya karɓa ya yi nasa. Shiru. Ai duk abin da za mu faɗa, masu ƙasa ma za su iya faɗa.

Azahar ta wuce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mai ramin, wanda muke kira Patoro, ya ce ba zai bar masu rai suna tono a ƙasa mai ruwa don waɗanda suka riga suka yi shiru ba. Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Misye Fidel ya ce in ruwa ya sauko kogi zai cika, dole motarsu ta ƙetare kafin nan. Ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna sama, ya nuna abin magana. Ya ce zai jira har ɗigon farko.

Na zauna cikin laka da abin nan a hannu. Ina tunanin me zan faɗa wa Gwaggo. Sai na ji haushi ya taso mini, irin haushin da shi kaɗai ke iya ba ni. Na ce a raina, wannan ɗan banza ya fito da ni daga gidana, an sace butar ubana, yanzu kuma zai mutu ya bar ni a dajin da ban san hanyar fita ba?

Na danna abin magana.

"Kai Mazut! Baƙin bawa mai kunnen jaki! Ka yi shiru ko? To ka kyauta. Ka zauna nan. Dama matarka Hajara ta daɗe tana cewa ni ta so, kai ƙaddara ce. Ina komawa Garwa zan sa a ɗinka mini babbar riga. A ɗakinka za mu tare, a kan katifarka. Agogon nan naka ma na gwada, ya yi mini daidai."

Masu jin Hausa suka fara kallon juna. Wani ya ce Rediyo ya zautu. Baba Igiya ya ɗaga musu hannu.

"Kuma zan faɗa wa duk shantiye labarin dorina. Jama'a ku saurara! Wannan da kuke ganin jarumi ne, ranar da ya ga dorina a Binuwai ya fito da gudu ya bar wandonsa, ya ratsa kasuwar kifi tsirara yana kiran Inna. Ashe ma ba dorina ba ce, mushen jaki ne! Ƙarya nake? In ƙarya nake ka ce ƙarya nake, matsoraci, ɗan mace, bawan gado!"

Na yi ta yi. Na zagi tafiyarsa, na zagi cin tuwonsa, na zagi yadda yake jan carbi. Hawaye na zuba, bakina na zagi. Iska ta fara kaɗa tampol.

Sai zaren ya yi tsalle.

Ba irin bugun ɗazu ba. Wannan bugun mai jin haushi ne, kamar mai dukan ƙofar wanda ya ɓata masa. Kau! Kau! Kau! Misye Fidel ya yi wata ƙara, ya ce in ci gaba, kada in tsaya. A cikin abin ji kuma na tsinci wata shaƙaƙƙiyar murya daga nesa:

"Dorina ce... ɗan iska... dorina ce ta gaske."

Ina zagi yana bugu, har Misye Fidel ya tashi ya auna ƙasa da takunsa, ya wuce duk inda aka tona, ya je kusa da wata bishiya ya kafa sanda. Ya faɗi zurfin. Ruwa ya sauko kafin a kai rabi, amma ba wanda ya ajiye shebur, har Patoro ya tuɓe riga ya shiga. Misye Fidel bai tafi ba. Motarsu ta kwana biyu a wannan gefen kogin.

Da aka jawo Hamadu, fari fat yake da farar lakar can ƙasa, ƙafa ɗaya a karye. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "Taɓa agogon nan ka gani." Sannan ya suma.

Ba-Komai kuwa gawarsa aka fito da ita. Katako ya danne masa ƙirji tun faɗuwar farko.

Sai da Hamadu ya samu kansa, a rumfar Mama Odet, ya ba ni labari. Ya ce mutumin yana da rai har lokacin da murya ta zo. Suna kwance kafaɗa da kafaɗa cikin duhu, shi yana buga dutse, Ba-Komai yana numfashi da ƙyar. Da suka ji an kira suna da taushi, shi Hamadu ya saki dutsen ya toshe bakinsa. Sai ya ji na kusa da shi ya ɗan ɗaga kai ya amsa. Ya ce amsawa ce irin ta wanda ya daɗe yana jiran a kira shi. Bai sake numfashi ba.

Na ce, "Sunansa ke nan? Shi ma Hamadu ne?"

Ya ce, "Wa ya sani? Wataƙila sunansa ne. Wataƙila kuma ya gaji ne, ya ji an ce ɗan'uwana."

Aka binne shi a bayan shantiye. Aka duba jakarsa, babu takarda, babu waya, riga biyu ce da carbi. Mai yi masa salla ya tambayi sunansa, cikin mutum ɗari babu wanda ya sani. Baba Igiya bai sake yi mini maganar ba, sai dai ranar da za mu tafi ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ɗaya ka kira, ɗaya ka zaga. Allah ne ya san wanda ka yi wa alheri."

Na mayar wa Mama Odet butarta, ta ƙi karɓa. Ita ce a kan murhuna yanzu a Hausare. Hamadu yana ɗingishi, yana sayar da kayan moto a unguwar Yelwa, kuma har gobe yana rantsuwa dorina ce. Misye Fidel ya ce mini a ranar da aka fito da su, wai da kowane shantiye yana da irin turakun nan, da mutane da yawa suna gidajensu. Na yarda da shi. Na ga abin da idona.

Amma ni abin da na ji da kunnena shi ya biyo ni gida. Direbobi da 'yan kasuwar Kuseri sukan tsaya a teburina in sun sauko Garwa. Duk wanda na ji nauyin nan a maƙogwaronsa sai in ƙara masa madara, in zauna kusa da shi, in tambaye shi ko ya san wani gida da ɗansu dogo siriri, wanda ba ya shan sukari, ya tafi neman zinariya bai dawo ba. Wataƙila Hamadu sunansa. Wani dattijo a cikinsu ya taɓa ajiye kofinsa ya ce mini, "Malam Sale, irin gidan nan ba su ƙirguwa. Wace unguwa kake so in fara da ita?"

Ban daina tambaya ba. Sai dai tun daga shekarar nan ban ƙara kiran sunan Hamadu da ƙarfi ba, ko da yana tsallaken titi ne. Nakan ce kai bawa, ko in jefe shi da ɓawon gyaɗa. Mutane suna ɗauka wasan taubasai ne. Ni kuwa tsoro nake kada in kira, biyu su amsa.